Yayarmu Jar Darduma

Mu biyar Inna ta haifa, amma in ka tambayi Baba 'ya'yansa nawa, sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa, kuma duk mun san abin da yake aunawa a cikin jim ɗin nan. Tunani yake ko ya saka jar darduma a lissafi. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, amma dardumar ta riga ni zuwa hannunsa, shi ya sa tun muna yara muke ce mata Yaya. Da tsokana muka fara, sunan ya bi ta, har shi kansa Baba ya koma kiranta haka bai ma lura ba.

A filin jirgin sama Baba yake aiki. Shi ne mai shimfiɗa jar dardumar da manyan baƙin ƙasa suke takawa in sun sauko daga jirgi. Iyakar aikin ke nan: a shimfiɗa, a taka, a naɗe. Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. A wurinsa shi ma'aikacin harkokin waje ne, in kuwa ka ja maganar zai tuna maka cewa duk baƙon da ya zo ƙasar nan, kafin ya ga minista, kafin ya sha hannu da shugaban ƙasa, aikin hannun Baba yake fara takawa.

Yaya tana da ɗakinta, wani ɗan sito a bayan ofishin 'yan kwana-kwana. A naɗe take kwana a kan benci biyu don kada sanyin ƙasa ya taɓa ta, an lulluɓe ta da zanen gadon da Inna ta daɗe tana cigiya. Akwai buroshi mai laushi na fuska, akwai mai tauri na baya, ga ƙwayoyin kafur a kowace kusurwa saboda asu. Shekarar da zafi ya fi gallabar mu, fankar ɗakinmu ta ɓace. Muka yi ta zargin maƙwabta. Ranar da aka aike ni kai wa Baba abinci na tarar da fankar a sito tana yi wa Yaya fifita, shi kuma yana zaune a gefe gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Ban ɓoye ba, na ji haushin dardumar nan tun daga ranar, kuma na daɗe ina jin sa.

A wancan zamani ƙasarmu ba ta da wani kwarjini a idon duniya. Shugabanninmu ne suke yawon zuwa wurin mutane, mai fita kuwa ba a shimfiɗa masa komai. Sai a yi wata da watanni ba a kwance Yaya ba, Baba ya riƙa fito da ita shi kaɗai yana shan iska da ita a bayan sito. Baƙin da suke zuwa ma yawanci masu kawo tallafi ne, ƙananan ma'aikata da jakunkuna a hannu, suna tafiya da sauri ko ƙasa ba sa kallo. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa yar da guntun sigari a kanta ya murje da takalmi. Baba bai taɓa yafe wa ƙasar mutumin nan ba. Shekara da shekaru ba a shigo mana gida da madarar gwangwaninsu ba, duk da ta fi araha. Manufarsa ta harkokin waje a tafin takalmi take: wanda ya taka Yaya a hankali ƙasarsa aminiya ce, wanda ya ja ƙafa a kanta sai a yi hattara da shi.

Sai abubuwa suka fara sauyawa. Masana'antu suka yawaita, aka faɗaɗa tashar jiragen ruwa, muka wayi gari mu ke sayar wa maƙwabta motocin haya da magunguna. In manyan ƙasashe za su yi taro sai a ajiye mana kujera, tun ana ajiye ta kusa da ƙofa har ta matso tsakiya. Masana suna ta bayani da alƙaluma, amma Baba ya riga su gani. Wata rana ya dawo gida yana murmushi shi kaɗai, ya ce da ni, "Ƙasa ta girma, 'yar nan. Yau wani ya goge takalminsa a matakala kafin ya taka Yaya."

Waɗanda a da suke turo mana ɗan aike, yanzu da kansu suke zuwa, har da matansu. Matan nan su ne sabon ciwon kan Baba, saboda takalma masu tsini. In ya ga uwargidan wani shugaba ta leƙo daga ƙofar jirgi, ƙafarta yake fara kallo, in ya ga tsini sai ya runtse ido har ta wuce. Aiki ya yi wa Yaya yawa, tsakiyarta ta fara koɗewa. Shugaban sashen tarbar baƙi, wanda ma'aikata suke kira Malam Agogo don ba ya gama magana bai duba tsintsiyar hannunsa ba, ya sha kawo zancen sayen sabuwa. Duk lokacin da ya kawo, Baba yakan yi kunnen uwar shegu ya ci gaba da goga.

Ana nan sai babban al'amari ya zo. Akwai wasu ƙasashe biyu da kogi ya raba, suka daɗe suna rigima a kan ruwansa, har sun rufe iyaka sun jibge sojoji. Manyan duniya sun yi ta ƙoƙarin sasanta su abin ya faskara. Daga ƙarshe shugabannin biyu, na gabas da na yamma, suka ce in dai za a zauna, to sai a ƙasarmu. Gari ya ɗauka. Aka shafe gefen titi da fenti, aka kori masu talla daga hanyar filin jirgi, kowa yana tafiya yana ɗaga kafaɗa.

Sai dai mutanen nan biyu ba wanda ya yarda ɗan'uwansa ya fi shi ko da taku ɗaya. Jami'ansu suka riga su zuwa da tef na awo. Jirage su sauka lokaci guda. Matakala tsawo ɗaya. 'Yan badujala su raba kiɗa daidai. Darduma kuma kowa tasa, kada ta wani ta fi ta wani ko da faɗin yatsa. Mu kuwa darduma ɗaya gare mu. An yi odar sababbi, amma jirgin ruwan da ya ɗauko su yana can tsakiyar teku.

Mai Gemu, direban motar da take ɗaukar Yaya, shi ya ba mu labarin yadda aka yi a sito. Malam Agogo ya shigo, ya duba hannunsa, ya ce, "Baba, gobe da safe tela zai zo. Za a raba ta biyu."

"A raba wa, ranka ya daɗe?"

"Dardumar mana."

Baba ya ajiye buroshi. "Ranka ya daɗe, a ba ɗaya darduma, ɗayan ni da kaina zan share masa kwalta fes, har ya ga fuskarsa a ciki."

"So kake yaƙi ya tashi daga filin jirginmu?"

"To su sauko ɗaya bayan ɗaya. In na farko ya wuce, in goge, in juya ta."

"Wa zai yarda ya zama na biyu? Baba, na san yadda kake ji da ita, amma an gama magana." Ya sake duba hannunsa ya fita.

Da la'asar sai ga motar Mai Gemu a ƙofar gidanmu. Shi da Baba sun gaya wa masu gadi wanki za a kai Yaya. A naɗe ta ƙi shiga ƙofa, ƙibarta ta yi yawa, don haka suka warware ta. Ta shiga ta ƙofar gida, ta ratsa falo, ta leƙa ɗakin Inna ta fito, ta bi ta gaban banɗaki ta dangana da kicin, sauran aka ninke a kan gadon ƙannena. Da suka gama Baba ya tara mu ya kafa doka: ba wanda zai taka.

Inna ta fito riƙe da ludayi. "Malam, ka sato kayan gwamnati ka shimfiɗa mini har bakin murhu, sannan ka ce kada in taka? Tashi sama zan yi?"

"Ba sata ba ce," in ji Baba. "Mafakar siyasa ta nema, na ba ta."

Haka muka wuni muna rarrafe da bango. Mai son zuwa banɗaki sai ya bi ta kan kujeru, ya dafa firji, ya yi tsalle. Inna ta riƙa miƙo mana kwanuka ta taga. Maƙwabta suka yi ta leƙowa suna tambayar wane babban mutum ne zai zo gidanmu, Inna tana ce musu 'yan sanda. Wayar Baba ta yi ta ƙara har ya tura ta cikin buhun shinkafa ya ɗaure bakin.

Ni abin ya daina ba ni dariya. Saura kaɗan Baba ya yi ritaya, in aka kore shi yanzu duk wahalar da ya sha ta tafi a banza. Na same shi a durƙushe a falo yana cire wani zare da ya taso, na ce, "Baba, saboda tsumma za ka zubar da aikinka? Mu fa?"

Bai yi fushi da kalmar tsumma ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce, "Ku kun girma, kuna da baki. Ita duk wanda ya zo taka ta yake ya wuce, ko sunansa ba ya bari. Ni kaɗai na san inda ta sha ɗinki, na san inda ruwa ya taɓa ci. In ban tsaya mata ba wa zai tsaya?" Na bi bango na koma ɗaki.

Washegari, ranar saukar baƙi, Malam Agogo ya zo da kansa. Ya tsaya a ƙofa ya ga Yaya a miƙe har cikin falo. Duk tashin hankalin da yake ciki, shi ma ƙafarsa ta ƙi takawa. Ya manne da bango da kwat ɗinsa, ya hau hannun kujera, ya dafa firji, ya sauka a gaban Baba. Mun zaci zai yi faɗa. Sai ya zauna a ƙasa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Baba, jiragen nan suna sama. In suka ji babu darduma, juyawa za su yi. Mu kunya kawai za mu sha. Mutanen bakin kogin can su ne za su kwana a ƙarƙashin bindiga."

Baba ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "Mai Gemu, kama can."

Naɗe darduma daga cikin gida ba ƙaramin aiki ba ne, sai da muka sa hannu mu duka, har Inna. Suka tafi, mu kuma muka kunna talabijin. Abin da ya biyo baya rabinsa a akwatin muka gani, rabinsa daga bakin Mai Gemu. An rufe duk hanyoyin filin jirgi saboda baƙi, motar da ta ɗauko dardumar baƙin ma aka hana ta wucewa, sai da Malam Agogo ya yi ta rantse-rantse a kowane shinge. Tela kuwa tun safe yana tsare a ɗakin masu gadi, don an kama shi da ƙaton almakashi yana neman shiga inda shugabanni za su sauka.

Ko da suka iso, jiragen sun riga sun tsaya, ƙofar wannan tana kallon ƙofar wancan, an kafa matakala. Tsarin shi ne kowane rabi ya tashi daga matakala ya nufi rumfar da shugabanmu yake tsaye. Ga darduma ɗaya, babu almakashi, ga 'yan badujala sun ɗaga ƙaho. Daga baya mutane sun yi ta cewa dabara ce Baba ya yi. Ba wata dabara. Shi da bakinsa ya ce kansa babu komai a lokacin sai ƙara, hannuwansa ne suka yi abin da suka saba. Ya ɗora bakin Yaya a gindin matakalar da ta fi kusa, shi da Mai Gemu suka tura. Ta yi ta gangarawa, ba wanda ya tuna da rumfa, har ta je ta ƙare a gindin ɗaya matakalar.

Ƙofofi suka buɗe tare. Na gabas ya sauko, na yamma ya sauko, kowa ya ga ja a gabansa ya hau, hanci a sama, yana ɗaga wa sojoji hannu. Suna tafe suna tafe, sai ga su gaba da gaba a tsakiya.

Suka yi cirko-cirko. Wanda ya sauka kan kwalta ya ba da hanya ya zama ƙarami. Wanda ya juya baya ya gudu. Darduma kuwa ba ta da faɗin da ƙattin mutum biyu za su gifta ba su gogi juna ba. 'Yan badujala suka ƙare waƙa suka sake ɗaukowa daga farko. Shugabanmu yana can rumfa shi kaɗai, hannunsa a shirye, ba mai zuwa. A can kusurwar hoton muna hango Baba a durƙushe ya danne gefen Yaya don kada iska ta ɗaga.

Inna ta ɗora hannu a ka. "Shi ke nan, fansho ya tafi."

Na yamma dattijo ne mai ciwon gwiwa, ga rana ta take. Ya ɗan yi tangaɗi, ya miƙa hannu. Har yau ban sani ba ko ture mutumin ya yi niyya ko abin dafawa yake nema. Na gabas dai ya ga hannu a gabansa, ga idon duniya a kansa, sai ya kama. Masu ɗaukar hoto suka yi ca. Shugabanmu ya tattare rigarsa ya taho da sassarfa a kan kwalta, ya ɗora hannunsa a kan nasu, yana murmushin wanda ya san komai tun farko.

Kafin rana ta faɗi duniya ta ɗauka. Jaridu suka sa mata suna siyasar darduma ɗaya. Minista ya fito ya ce an daɗe ana tsara wannan, masana suka yi ta fashin baƙi a kan hikimar ƙasashe masu tasowa. Aka yi wa Malam Agogo ƙarin girma. Baba ko a jikinsa. Yaya ta koma kan bencinta lafiya lau, abin da ya dame shi ke nan. Kwanakin da aka yi ana tattaunawa na ga mahaifina cikin farin cikin da ban taɓa gani ba, yana goga yana 'yar waƙa, har ya saya wa Inna sabon zanen gado ba ta roƙa ba.

Aka cimma yarjejeniya a kan kogi. Ana jibi baƙi za su tafi, Malam Agogo ya sake zuwa gidanmu, wannan karon da sabon kaki a leda da katin gayyata. Ya zauna yana ta murza hannu, ko sau ɗaya bai duba agogonsa ba, nan na san ba lafiya. Ya ce gwamnati ta ga dardumar nan ta shiga tarihi. Don haka an yanke shawarar a raba ta daidai inda shugabannin suka haɗu, kowa ya tafi da rabi ya rataye a fadarsa, alamar yadda suka raba ruwa cikin lumana. Kuma don a karrama Baba, shi aka zaɓa ya yanka a gaban duniya.

"Na yi ƙoƙari, Baba," in ji shi. "Wallahi na yi. Su biyun ne suka nema, kuma wannan ne abu na farko da suka taɓa nema tare."

Baba ya ce, "To."

Ni da Inna muna cikin 'yan kallo ranar. Aka shimfiɗa Yaya, aka kawo almakashi a kan faranti an ɗaura masa kyalle. Kakin ya yi wa Baba yawa a kafaɗa. Ya durƙusa, ya shafa wurin da tafin hannu ya kwantar da gashin, ya sa almakashi. Bai yi gaggawa ba, hannunsa bai karkace ba, ya tafi sak daga wannan gefe zuwa wancan. Hawaye suna zuba a kan jan, mai sanarwa yana faɗa a lasifika cewa ga dattijo yana kukan murna. Aka yi ta tafi. Ni da na yi rayuwata ina jin haushin dardumar nan, sai ga ni ina hawaye. Na juya in ɓoye fuskata, na tarar Inna ta riga ni, tana share ido da gefen mayafi tana cewa, "Ashe haka take da kyau."

Sababbin dardumomin sun iso daga baya, masu sheƙi, ruwa ba ya kama su. Baba ya shimfiɗa su yadda ya kamata har ya yi ritaya, aka ba shi fanshonsa da takardar yabo. Yanzu yana gida. Sai dai ya ɗauko wata sabuwar ɗabi'a: rediyo ba ya barin kunnensa. Ya san sunan ministan ruwa na gabas da na yamma, ya san lokacin da kogi yake cika da lokacin da yake janyewa. In aka ce wani masunci ya tsallaka iyaka an kama shi, ranar Baba ba ya cin abinci. Na tabbata ko waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar nan ba su kai shi yi mata addu'a ba.

Rannan na gaji, na ce, "Baba, kai da ko kogin nan ba ka taɓa gani ba, mene ne naka na tayar da hankali?"

Ya ɗaga mini hannu in yi shiru har mai labarai ya kai aya. Sannan ya dube ni ya ce, "Ba ki san mutane ba, 'yar nan. Ranar da suka sake ɓatawa, kafin su harba ko harsashi ɗaya, Yaya za su fara sauko da ita daga bango su cinna mata wuta."

Ya mayar da rediyon kunnensa ya ƙara murya.